Taron Bayan Taro

Assalamu alaikum Anti,

Ina gaisuwa, ya jiki da jama'ar gida? Na rubuto miki ne a matsayinki na shugabar aikinmu, don a taron bidiyo bakina nauyi yake yi. Mako guda na yi ina zana akuya a bangon littafin yaran nan, a kan teburin cin abincinmu, ina ture kofuna gefe. Jiya na tura, sai Dogo mai gyaran rubutu ya ce ai tuni aka mayar da ita kyanwa. Yaushe? Ba taron da ya wuce ni. Kuma ba yau aka fara yi mini haka ba. Raina ya ɓaci, Anti. Idan wata ya ƙare zan ajiye aikin.

Ki huta lafiya.
Auta

Wa alaikumus salam Autarmu,

Jiki da sauƙi, wasiƙarki ce dai ta hana ni sakat. Kina da gaskiya. Ni da Dogo tebur ɗaya muka yi shekaru muna zama, kafin a rufe ofis kowa ya koma aiki daga gida. Da an kashe bidiyo sai ya bugo mini, wai mu ɗan taɓa hira, daga zancen jikokinsa sai ga mu tsundum a aiki. Can akuyarki ta zama kyanwa, ina yanka albasa, waya maƙale a kafaɗa. Wallahi na ɗauka kin sani, don a ofis magana da ƙafarta take zagayawa.

Daga yau, abin da ba a rubuta a zauren aikinmu na waya kowa ya gani ba, ba a yanke shi ba. Ki ba ni zuwa ƙarshen watan, ke mai zanen da ba ta magana sai ta cika ta batse.

Antinki

Anti, barka da yini,

Na ga canji, na gode. Sai dai Dogo yana rubutu a zauren kamar ana cire masa haƙori. Ko wani abu ya faru tsakaninku?

Auta

Auta, sannu da aiki,

Ya faru. Ya bugo ya fara zancen launin bango, na ce, "Dogo, rubuta wa kowa." Sai ya ce ashe ya zama baƙo. Tun ranar bai sake kira ba. Ba zan ɓoye miki ba, abin ya yi mini ciwo. Tun rasuwar maigidana shi kaɗai ke kirana kullum, yanzu falon nan sai ƙarar fanka. Amma ban janye dokar ba, kuma ba zan janye ba. Ke dai ki yanke abin da ya fi miki.

Ki gaishe da yara.
Antinki

Anti, ina kwana,

Ina nan, ba inda zan je. Amma yau ke za ki kira shi. Ki ce ni na aiko ki, kuma ban da zancen aiki.

Allah ya bar zumunci.
Autarku