Ranar Da Iyakwandishan Ta Tsaya

Zuwa ga Mama,

Gaisuwa mai yawa. Ya jikin Baba, ya ƙafar Goggo Chela? Masararmu ta yi kuwa bana?

Muna nan lafiya a gonar dabino ta Mexicali, cikin ƙatuwar motar nan mai ɗaki da kicin da maigidana ya ba mu. Zafi kam akwai shi, amma kada ki damu. Ran Laraba ne dai da tsakar rana iyakwandishan ta tsaya, ga matata Ofelia da cikin wata takwas. Na tarar da ita zaune a ƙasa, leɓɓanta sun bushe. Na mayar da motar inuwa, na rufe tagogi da barguna, na hau rufi na wanke ƙurar da ta toshe injin iyakwandishan ɗin. Ƙarfen rufin ya ɗan ƙona mini hannun hagu, ba wani abu ba ne.

Da sanyi ya dawo sai ta ce, "Fermín, sauko, kai ba biri ba ne! Zo ka ji ɗanka yana shuri a cikina." Na zauna kusa da ita har barci ya ɗauke ta.

Ki kunna mana kyandir a coci, ki kuma aiko da man ƙunar nan naki. Na ce wa Ofelia hannun ya warke, don Allah kada ki tona ni.

Ɗanki,
Fermín