Ƙwai a Kan Kindirmo

Edmonton, Landan
9 ga Maris, 1976

Zinatu, sanyin idona, ruwan randata a tsakar rana, inuwar da nake hutawa,

Wata huɗu ke nan da na raka ki filin jirgi don ki haihu a gida, amma har yau kofi biyu nake ɗaukowa in zan sha shayi. Garin nan ya yi mini faɗi.

Kin tuna safiyar da tsohuwar Baturkiyar nan ta ƙasan benenmu ta kawo mana abincinsu, cilbir? Ƙwai a kan kindirmo! Kika yatsine fuska, kika ce haɗin gambiza ne. Da kika ɗanɗana kuwa, sai da kika suɗe kwanon da burodi, kika jawo nawa. Ban taɓa jin daɗin yunwa irin na ranar ba.

Jiya wasiƙar ƙanwarki Shafa'atu ta iso. Ta ce jiri na ɗibar ki, kin yi fari fat, Gwaggonki kuma ta hana ki ƙwai, wai mai ciki in ta ci, ɗa zai fito ɓarawo. Wa ya fara faɗin maganar nan, Zinatu? Ɗan wa aka kama? Na tambayi Baturkiyar, ta yi dariya har da hawaye. 'Ya'yanta bakwai, duk da ƙwai ta raini cikinsu, babu wanda ya taɓa ɗaukar ko allurar wani. Na tambayi likitan da ke koyar da mu, ya ce ƙwai na gina jiki, gwaiduwa na taimakon jini, kindirmo na ƙarfafa ƙashi, naki da na wanda kike ɗauke da shi.

Me ma babu a Zariya? Ga kindirmo, ga tafarnuwa, ga man shanu da barkono. Ki fasa ƙwan a tafasasshen ruwa, ki bari ya dahu sosai, ki ɗora a kai.

Wallahi ina ganin girman Gwaggo. Tsoro nake ji, kuma ban taɓa gaya miki dalili ba. Mahaifiyata ta kiyaye duk abin da aka hana mai ciki, jini ya ƙare mata wurin haihuwata. Ban fito ɓarawo ba, amma ban san fuskarta ba.

Ki ci, don girman Allah. Ina so ɗanmu ya san taki fuskar.

Naki ne ni, ke kaɗai, har ranar da numfashi zai ƙare,
Almu