Wata Ukun da Bapak Ya Hana Ni Fanka

Malang,
9 ga Fabrairu.

Zuwa ga yayana Mas Haryo,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa da girmamawa, ina fata wannan takarda za ta same ka cikin ƙoshin lafiya a can Batam, kai da matarka Mbak Nuning da 'yarku Laras, 'yar lelena. Allah ya tsare maka idonka a aikin nan na waldar jiragen ruwa, ya kare ka daga sharrin wuta da ƙarfe, amin. Mu nan gida kowa lafiya lau. Damina ta zauna sosai, kullum bayan azahar sai an sheƙa. Mahaifiyarmu Ibu tana nan da tukunyar miyar soto da take sayarwa a bakin layi, ciniki ya buɗe tun da aka gyara titin, har tana kukan ƙafa da yamma. Mahaifinmu Bapak kuwa hawan jininsa ya sauka, likita ya yaba masa, kuma kurciyoyinsa sun zama bakwai, don ya sake shigo da wata ya ce wai kyauta aka ba shi.

Da hannu na rubuto maka saboda in na kira ka a waya Ibu tana gefe, Bapak yana ji ta taga, labarin kuma nasa ne. Ka san shekara shida ke nan ina rawar birek, mai juyi da katantanwa a ƙasa, tare da su Mas Tegar, mai askin nan na bakin kasuwa da ke shugabantar ƙungiyarmu, ka kuma san ra'ayin mahaifinmu a kanta. Mutumin da ya wakilci lardi a wasan alkafura, ya hau dokin katako da zobba, ya yi shekara talatin yana koyarwa, bai taɓa ɗaukar rawarmu a bakin komai ba. Cewa yake shara muke yi wa hukuma da bayanmu, ba ko sisi.

To, tun bara nake fama da wani salo da muke kira fanka. Mutum zai kife a kan hannuwansa, ƙafafu a ware a sama, ya riƙa juyawa yana tsalle daga wannan hannu zuwa wancan, ba kai ba ƙafa da zai taɓa ƙasa. Maza da yawa a cikinmu sun gwada sun haƙura. Ni kuwa na ƙudurta sai na shiga da ita gasar Surabaya, inda za a zaɓi mata biyu da za su wakilci lardi. Amma juyi ɗaya nake yi in faɗo kamar buhun shinkafa. Kafaɗata ta dama ta fara zogi, na ɓoye, ina shafa man zafi a ɗaki in fito ina dariya.

Wata safiya a tsakiyar Oktoba ina gwadawa a tsakar gida, Bapak ya ba ni baya yana zuba wa kurciyoyinsa abinci. Da na faɗi karo na biyar sai ya ce, ko waiwayowa bai yi ba, "Gwiwar hannunki a lanƙwashe take. Daga ƙarar faɗuwar ma na gane." Na ce masa ai wannan ba wasansa ba ne. Ya ajiye kwanon ya zo ya danna babban yatsansa a kafaɗata, na ƙwalla ƙara har Ibu ta fito da ludayi a hannu. Nan take ya yanke hukunci: ba ni ba fanka har wata uku. Na ce Bapak, gasar fa saura wata uku da sati biyu! Ya ce to madalla, ga sati biyu nan, in ina da rabo sun ishe ni. Ranar ko abincin rana ban ci ba don haushi.

Mas, ka fi ni sanin horon Bapak. Kai ka sha shi shekara tara, da tsawa da sandar gora a ƙafa, har ranar da ka ajiye kayan wasanka a ƙofar ɗakinsa ka ce ka gama. Don haka na shirya wa tsawa, sai ga shi ba ita. Kullum bayan sallar asuba zai sa ni in ɗumama wuyan hannu, in kife a jikin bango in tsaya da hannu har ya ƙirga sittin. Daga nan in dafa ƙasa, hannu a miƙe, in riƙa tura kafaɗa gaba a hankali har ƙafafu su yi sauƙi su tashi da kansu. Abin da yake nema shi ne shimfiɗa: jiki ya kwanta sambal a cikin iska, tafin hannu biyu kawai ke ƙasa. Yatsa ɗaya yake sa min a ƙugu, ba ya ƙarawa. In na faɗi sai kawai ya ce, "Sake." Sau ɗaya na ga ya buɗe baki, jijiyar wuyansa ta tashi, na runtse ido ina jira. Da na buɗe sai na hango shi wajen keji yana canza wa tsuntsaye ruwan da bai daɗe da zubawa ba.

Mas Tegar bai ji daɗin abin ba ko kaɗan. Ya zo har gida wata Lahadi ya ce, "Pak, da girmanka, ka mayar mana da 'yar rawa gunki. Kiɗa fa ba ya jiran mai tsayuwa." Bapak bai yi musu ba. Ya ɗauko bulo huɗu ya jera, biyu nasa biyu na Tegar, ya ce kowa ya dafa ya ɗaga jikinsa, ƙafafu a miƙe a gaba, a ga wanda zai riga saukowa. Ni ce mai ƙirga. Tegar da ƙirjinsa kamar ƙofar shago ya fara rawar ɗari a goma sha biyu, ya zube a sha takwas. Tsohonka mai shekara sittin da uku, da zanensa ɗaure a ƙugu, ya kai arba'in, yana sama yana tambayar Tegar lafiyar mahaifiyarsa. Ibu ta tafa hannu ta ce, "Kai Pak, wallahi in ka karye ba ni ba jinya!" Kwana biyu Bapak ya yi yana satar man zafina, amma tun daga ranar duk Lahadi sai Tegar ya zo da kansa ya kife a jikin bangonmu.

Da wata ukun suka cika ya ce in gwada. Mas, juyi biyu na yi a karon farko, na sauka a kan ƙafata, na tsaya ina kallon hannuwana kamar na wani. Kafin sati ya ƙare ina yin uku. Ya ce a gasa biyu zan yi, in rufe da shimfiɗa, na ukun in bar shi a gida.

Asabar ɗin makon jiya muka hau jirgin ƙasa tare, ya sa rigar batik ɗinsa ta zuwa biki. A zauren ya zauna da ɗan littafi yana ba kowa maki irin nasu na da, yana rage wa duk wanda bai miƙe yatsun ƙafa ba, wato kowa da kowa. Na tsallake zagaye biyu. A na kusa da ƙarshe na haɗu da wata 'yar Surabaya mai shekara sha bakwai. Na yi fankata biyu, na tsaya cak a shimfiɗa daidai inda kiɗa ya yanke, zauren ya kaure da ihu. Amma alƙalai uku cikin biyar ita suka ba. Na zo ta uku, ba a zaɓe ni ba, sai dai an sa ni a jiran ko-ta-kwana, zan riƙa atisaye tare da su. Gaskiya ta fi ni rawa. Ita kiɗa take bi, ni ƙirga nake a zuci. Ban yi kuka ba, kuma har yau raina fari ƙal, ga kafaɗata garau. Bapak ne ya yi ta faɗa da alƙalai a bayan idonsu na minti goma, daga baya ya ce dai yarinyar tana da kunne.

A hanyar dawowa da la'asar ya saya mana shinkafa a ganyen ayaba, muka ci a jirgi. Ya daɗe yana kallon gonaki ta taga, sannan ya ce, "Yayanki ya fi ki hannu. Ni ma ya fi ni. Da na iya yin shiru a wancan lokacin…" Bai ƙarasa ba, ya hau naɗe ganyen. Can ya tambaye ni shekarun Laras, na ce za ta cika bakwai cikin azumi. Ya tambaya ko tana dungure, na ce Mbak Nuning ta ce ta kusa karya musu gado. Ya yi dariya har da tari, ya ce in kun zo sallah kai za ka koya mata tsayuwa da hannu, shi nasa riƙe ƙafa ne kawai. Bai ce in faɗa maka ba, bai kuma ce kar in faɗa ba. Sallah huɗu ke nan ba ka zo ba, Mas.

Ka gaishe min da Mbak Nuning, ka ce Ibu ta adana mata busasshen tempe na waken soya. Ka sumbaci Laras a goshi. Ibu tana gaishe ku, gwaggonmu Bude Sarmi ma haka, Mas Tegar ya ce askinka na sallah yana wuyansa. Allah ya sada mu da alheri.

Ƙanwarka mai ƙaunarka,
Kinanti.