Jitar Kawu Tana Kiɗa Ba da Saninsa Ba

Assalamu alaikum Anti Zuhura. Don Allah ki taimake ni da shawara, na rasa wanda zan faɗa wa, domin duk wanda na sani ya san kawuna.

Ina da ɗan situdiyo a Ƙaura Namoda, ɗaki ɗaya da kwamfuta da fiyano, ina haɗa wa mawaƙa kiɗa. Kawuna Malam Hayatu, ƙanin mahaifiyata, shi ya riƙe ni tun ina ƙarami. Tsohon ma'aikacin reluwe ne, kuma a da babu mai kaɗa jita kamarsa a garin nan. Da aka ƙaddamar da Shari'a ya ce shi da jita har abada, ya koma gida Zurmi, yanzu shi ne ladanin masallacin unguwarsu. Kafin ya ajiye ta na roƙe shi ya kaɗa mini tsirkiya ɗaya-ɗaya, na ɗauka a kaset. Na ce masa don tarihi ne. Wallahi a lokacin haka nake nufi.

Da na sayi kwamfuta sai na yanka sautukan, na ɗora kowane a kan maɓallin fiyano. Jitar da ke zuwa cikin fiyano ta cika tsafta, ba ta zama da kalangu. Ta Kawu kuwa tsirkiya ɗaya ta tsinke tun tuni, ya maye ta da wayar birkin keke, tana wani ɗan kuka kamar garaya. Mawaƙa suka so ta. A waƙa goma sha ɗaya na sa ta, ban gaya masa ba.

To bana na yi wa wata amarya waƙa, ta bazu. Ranar kasuwar Shinkafi duk inda ka juya ita ce. Tsofaffin abokansa suka ji kukan wayar nan suka gane, aka fara cewa Ladan yana zuwa Ƙaura a ɓoye yana kiɗa. Dattawan masallaci suka kira shi, ya rantse shekara shida bai taɓa jita ba. Suka kunna masa kaset ɗin waƙar. Anti, bai musa ba. Ya ce wannan hannunsa ne, amma bai san waƙar ba. Yanzu wani ke kiran salla, sai Juma'a ta sama za su yanke hukunci.

Idan na yi magana zai san na ci amanarsa, mahaifiyata ma za ta sani. Kuma ina tsoron dattawan ba za su gane bayanin ba. Idan na yi shiru ƙila maganar ta mutu da kanta. Yaya zan yi?

Ɗan riƙon Ladan, Ƙaura Namoda

Amsa

Wa alaikumus salam. Ka ce shawara kake nema, amma ina jin izinin yin shiru kake nema. Ba a nan ake bayar da shi ba.

Bari in ba ka naka. Ba ka shirya cutar da shi ba, kuma kunnenka na gwani ne, tunda ya fifita wayar birki a kan jitar kamfani. Hukuncin kiɗa kuwa na malamai ne, ni ban yi karatunsa ba. Abin da na sani shi ne mutum ya yi rantsuwa a kan gaskiya, ana yi masa kallon maƙaryaci, mai shaidarsa kuma yana Ƙaura yana jiran magana ta mutu. Irin wannan ba ta mutuwa. Sai dai a daina faɗa a gabansa.

Kada ka jira Juma'a. Ka tafi Zurmi gobe, ka fara da shi kaɗai, kada ya ji a bainar jama'a. Ka faɗa masa duka, har goma sha ɗayan. Kada ka aika mahaifiyarka ta share maka hanya, laifin ba nata ba ne.

Dattawan da kake ganin ba za su gane ba, tsaransu ne suka gane tsirkiya ɗaya cikin hayaniyar kasuwa, ka rage musu raini. Ba ma sai ka yi dogon bayani ba. Ka ɗora kwamfutar da fiyanon a mota, ka nemi janareta, ka haɗa a zauren ɗaya daga cikinsu. Kawu ya zauna hannunsa a cinya, liman ya danna maɓallin da yatsansa.

Bayan haka ka tambayi Kawu abin da yake so a yi da sautinsa. In ya ce a goge, ka goge a gabansa, har kwafin da kake tunanin ɓoyewa yanzu. Akwai masu jita da ba su ajiye ba, ka nemi ɗaya, ka gaya masa gaskiyar abin da za ka yi da ita.

Zai yi fushi, kuma yana da hakki. Ka zauna ka sha faɗan, ya fi ka bar shi yana jin wani yana kiran sallarsa. Allah ya wanke shi, ya ba ka ƙarfin hali, ya kai ka Zurmi lafiya.

Anti Zuhura