Cikin Farin Gudale

Zuwa ga mahaifina,

Assalamu alaikum, Baba. Allah ya kai haske kabarinka. Na san ba mai kai maka wannan takarda, amma tsoro ya cika mini ciki, kuma ba ni da wanda zan faɗa wa sai kai.

Inna lafiya lau, sai ciwon gwiwa. Ruwan Kainji ya ja baya, mun samu shinkafa daidai gwargwado. Bayan rasuwarka ciwon bushiya ya shigo ƙasar Yawuri, ya share mana garke. Karsana ɗaya ta tsira, Gudale, jikar saniyar nan da ka ƙetaro da ita lokacin da ruwan dam ya ci tsohon garinmu. Inna ba ta kallon ta a matsayin dabba. Da safe sai ta gaishe ta kafin ta gaishe ni.

Baba, na yi abin da ka hana. Ka sha faɗa mana cewa cikin farin karsana sai ɗan ƙaramin bijimin gida, don ƙugunta bai buɗe ba. Ni kuwa malamin makaranta, mai karatun boko, na ga kamar tsohon yayi ne. Bara malamin dabbobi ya zo daga Yelwa da wata tukunyar ƙarfe mai hayaƙin sanyi, a cikinta akwai maniyyin bijiman Turai, manyan nan masu baƙi da fari. Ana sa wa saniya da ɗan bututu, ba bijimi ba barbara, 'yar da za ta haifa kuma ta cika ƙwarya da nono. Na kwaɗaitu. Na hango Inna tana dama fura ba ta auna nono da ludayi.

Mutumin bai cuce ni ba, sai da ya tambaye ni ko ta taɓa haihuwa. Na dube shi ido cikin ido na ce sau ɗaya, ya sa mata. Ka ji ɗanka. Inna kuwa har yau ta ɗauka bijimin maƙwabta ne ya hau ta a bakin ruwa, na bar ta a haka.

Wata tara ke nan. Cikin ya yi girman da ban taɓa gani ba, tana tafiya tana nishi, in ta kwanta sai mun taru mun ɗaga ta. A wancan watan wata karsana a Ngaski da aka yi wa irin wannan ta kwana biyu tana naƙuda, ɗan ya maƙale, aka yanka ta. Tun da na ji labarin abinci ba ya mini daɗi.

Yau da hantsi naƙuda ta kama Gudale. Na aika Yelwa, aka ce malamin dabbobin ya tafi taro Sakkwato, sai jibi. Wa zan kira? Duk yankin nan kai ake kira in maraƙi ya gicciye. Sau nawa ka ce in zo in riƙe wutsiya in ga yadda ake yi, na ce ina da jarrabawa? Ta ina ake fara sa hannu, Baba? In ja, ko in jira? In ta mutu, da wane baki zan gaya wa Inna cewa ni na kashe ta da ƙarya ɗaya?

Yanzu ƙafafun suka leƙo. Kofaton ya kai na maraƙin wata biyu. Inna na durƙushe a gaban Gudale tana shafa mata wuya, tana ce mata ta yi haƙuri, haka uwarta ta yi kuma ta tashi. Na yanke farcena, na shafa wa hannuna man gyaɗa har kafaɗa. Kafin in sa shi zan faɗa wa Inna gaskiya, don ta san abin da za ta roƙa.

Ka yafe mini. Sai mun iso.

Ɗanka da bai ji magana ba,
Garba