Takardar da Za Ta Riƙe Jan Layi

Litinin, 13 ga Mayu

Shekara uku muna gudun hijira a Sabon Birni. Yau da aka ce a koma gona, sai ga taubashina Badaru da igiyar awo. Gambar da ke kan iyakarmu wuta ta cinye, shi ke nan ya wayi gari ya ce rijiyar kaka a gonarsa take. Rijiyar da nake jira in yi albasa da rani, in ci da marayu huɗu da ƙanwata Sadiya ta bar mini. Mai gari ya ce a zauna ran 27.

Shaidata ɗaya ce: taswirar gonakin ƙauye da Baba ya zana da alƙalamin kara, iyakoki da jar tawada. Ta ƙone tare da littattafansa. Hotonta kawai ya rage a wayata. Dattawa sun ce waya ba ta ba da shaida, a kawo takarda babba da kowa zai gani. Rabinsu ko raƙumi ba su hange sai ya yi kuka.

Laraba, 15 ga Mayu

Na je garin Isa. Tun daga tasha har muka sauka, kowa a motar idonsa na kan daji.

Hafizullahi ne kaɗai mai babban injin bugu, mai tawadar lateks, wanda ya saya lokacin zaɓe. Tsawonsa ya fi gado. Ya fara bugawa a ledar da ake yi wa 'yan siyasa hotuna. Saƙar ledar ta haɗiye jan layin, kamar an yi zane a kan tabarma. Ya sake a takarda mai sheƙi. A cikin shago ta yi kyau. Na fita da ita rana, na ga fuskata, ban ga gona ba. Ƙarƙashin gawo za a zauna da hantsi, ba ɗakin amarya ba. Ta uku siririyar takardar fosta ce, ta fito a yamutse kamar fatar tsohuwa.

Na ce injinsa ko na toya waina ne. Bai ji haushi ba, abin da ya ƙara ba ni haushi ke nan. Ya ce, "Malama, kusan haka na. Wanga inji gasa tawada shi ka yi da zahi. Sai takarda mai kauri, marar sheƙi, wadda anka yi ma shahi a huska, tawada ta zauna bisa."

Irin wannan takardar sai daga Sakkwato. Direban da zai ɗauko a Sabon Birni yake tsayawa, ni za ni kai ta Isa. Hafizullahi ya ce in kiyaye ta da rana.

Asabar, 18 ga Mayu

Ta iso. Naɗi guda, ya kai ni kafaɗa. Na jingine shi a ɗaki na gaya wa Inna Tasalla, mai gidan da ta ba mu mafaka, kada zafi ya taɓa shi.

Lahadi, 19 ga Mayu

Innalillahi. Na dawo daga gaisuwar rasuwa na tarar Inna ta naɗe takardar da jiƙaƙƙen buhu, ta ajiye gindin randa, tana yayyafa mata ruwa. Shekara arba'in tana sayar da goro, haka ake kiyaye goro da zafi.

"Ke ɗiyar nan, ba ke kinka ce ba ta son zahi ba?"

Matar da ta ba mu ɗaki ba ta taɓa tambayar yaushe za mu tashi ba. Na shiga bayan gida na ciji gyalena.

Na karanta littattafai ba iyaka, na koyar shekara ashirin da biyu, buhun goro ne zai kashe ni.

Talata, 21 ga Mayu

Hafizullahi ya taɓa ta, ya ce ta sha ruwa, a bari. Na ce ba ni da kwanakin bari, ya buga. Zafin injin na taɓa ta ta kumbura, kan injin da ke zuba tawada ya goge ta, jar tawada ta yi shatata daidai wurin rijiyar. Zai jefar, na karɓe. Ya yanke na saman naɗin, ya ce in bar sauran a shagon ya sha iska.

A mota na duba. Yadda jan ya malala, rijiyar ta faɗo wajena sarai.

A tasha na haɗu da Badaru. "Malama mai takarda! In kin gama noma ta, ki aiko min da dami guda." Na ce in ya koyi karatu ya zo ya ɗauka da kansa.

Alhamis, 23 ga Mayu

An tare hanya. Ba motar da ta tashi. Hadari ya haɗu a gabas ya watse.

Asabar, 25 ga Mayu

Ta bushe. Ya rage zafin injin, ya sa shi tafiya a hankali kamar mai ciwon ƙafa. Na tsaya ina kallon hannun Baba yana fitowa layi-layi. Har inda alƙalaminsa ya tsage ya bar gashi biyu ana gani. Takardar ta riƙe komai.

Ta riƙe abin da ban so ba. Jan layin ya bi ta gindin aduwa, ya karkata, ya bar rijiyar wajen Badaru. Da faɗin babban yatsa.

Gilashin wayata a tsage yake daidai nan, gaskiya ne. Amma shekara uku ban taɓa sa yatsu biyu na buɗa wurin ba. Wannan ma gaskiya ne.

Hafizullahi ya ce, "Ta yi ko, Malama?" Na ce ta yi.

Lahadi, 26 ga Mayu

Takarda biyu a kan gado. Ba wanda ya ga mai kyan sai ni da Hafizullahi, shi kuma bai san gonar kowa ba. Yara huɗu. Ƙaramar har yanzu tuwo ɗaya take rabawa biyu, wai saura na gobe.

Baba, da ka karkata hannunka kaɗan, wa zai sani?

Litinin, 27 ga Mayu

Na shimfiɗa ta ƙarƙashin gawo, aka danne kusurwoyi da duwatsu. Ba sheƙi, ba ƙyalli. Makafin dattawan nan duk sun gani, har suna nuna gonakinsu da sanda. Mai gari ya ce rijiya ta Badaru ce. Ban yi kuka ba, ba za ni ba su wannan ba.

Badaru ya daɗe a tsugune. "Rubutun Kawu na," in ji shi, kamar wani ya musa. Da ya miƙe bai dube ni ba, ya ce, "Guga dai bai san iyaka ba."

Sadaka zai yi mini da ruwan kakata, mara kunya. Ban ce na gode ba.

Ɗaya takardar na ba Inna ta shimfiɗa a kwandon goro. Ta ce tana da kauri.

Na ce in ta shiga kasuwa ta duba mini igiyar guga. Doguwa.