Fitilar Ciyaman

Port Saeed, Dubai
9 ga Maris, 2025

Zuwa ga Anti Louisa,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kin isa Kagoro lafiya, kin kuma sami jikin Mama da sauƙi. Allah ya ƙara mata lafiya. Mu nan muna cikin azumi. Na rubuto ta imel ne tunda kin ce waya ba ta kamawa a gida sai ranar da kika shiga Kafanchan.

Ciyaman yana nan ƙalau. Jiya na auna shi, ƙafa uku da inci bakwai daga baki zuwa ƙarshen jela. A ofis idan an tambaye ni nakan ce damo ne kawai. In na ce tegu sai an shiga dogon bayani, cewa irinsu daga Kudancin Amurka suke, cewa wani ne ya yar da shi a shagon dabbobin da kike aiki, ke kuma tausayi ya sa kika kawo shi ɗakinmu.

Ga abin da ya ci a watan da kika tafi. Ƙwai, zuciyar kaji da 'ya'yan itace, dirhami 210. Ɓawon kwakwa na shimfiɗa, 60. Hodar ƙarfafa ƙashi, 45. Ban sa kuɗin wuta ba, don ban san yadda zan raba nasa da nawa ba.

Akwai maganar doguwar fitilarsa, wadda take maye masa hasken rana. A jikin kwalin an rubuta a canza ta bayan wata shida. Ke da hannunki kika rubuta ranar da kika saka ta, 4 ga Agusta. Wata bakwai ke nan. Sabuwa dirhami 165 ce.

Babbar maganar ita ce ɗaki. Mai gida ya ce daga ƙarshen Afrilu hayar za ta tashi daga 2,600 zuwa 3,200. Kin san albashina 3,800 ne, kuma har yanzu ina cikin watannin gwaji. Idan mu biyu ne za mu iya. Ni kaɗai ba zan iya ba. Ranar Asabar na je Al Ras na duba inda ake hayar gado, 650 a wata, mata shida a ɗaki. Na tafi da tef ɗina na auna gadon, ƙafa shida da uku. Kejin Ciyaman ƙafa takwas ne da huɗu. Na tsaya na sake aunawa, har matar da ke nuna min wurin ta tambaye ni ko tela ce ni.

Don Allah, Anti, ki faɗa min ranar dawowarki, ranar kanta, don in san abin da zan ce wa mai gida.

Ki gaida Mama da kowa da kowa.

Ƙanwarki,
Muhsinat


Kagoro
21 ga Maris

Hajiya ƙarama, sarauniyar tef da biro!

Sannu da shan ruwa. Wasiƙarki ta sa ni dariya a shagon caji a Kafanchan har mutane suna juyowa. Wa ya taɓa auna gadon haya in ba ke ba? Wallahi ranar aurenki sai kin auna ango.

Mama da sauƙi, mun gode wa Ubangiji, ta fara cin tuwo. Ni kuwa ina nan zuwa, ki kwantar da hankalinki. Bayan Ista zan duba tikiti.

Maganar fitila, haba ƙanwata. A Dubai, inda rana ke narka takalmi, za ki je ki sayi rana a kwali? Shekara huɗu na yi a shagon nan, na san masu kamfani, so suke ki yi ta saye. Tunda tana kamawa lafiyarta lau. Ki tura kejin bakin taga ya sha hantsi, halas, shi ke nan. Hodar ma ki riƙa barbaɗa kaɗan kaɗan, ba tuwo ba ce.

In mai gida ya matsa, ki kama ƙaramin wuri na ɗan lokaci kafin in zo. Ki nemi Gwamna, kafintan cocinmu da ke Ras Al Khor, shi ya ƙera kejin, zai san dabarar da zai yi.

Ki shafa min kan ɗana. Ki ce masa uwarsa tana kewarsa, kuma kada ya ciji anti Muhsinat, ita ce mai ba da ƙwai.

Taki har kullum,
Louisa


Al Ras, Deira
2 ga Agusta, 2025

Anti Louisa,

Ina gaisuwa. Ina fatan Mama tana ƙara samun ƙarfi. Wannan ita ce wasiƙata ta huɗu tun bayan Ista. Uku ba su sami amsa ba, don haka zan maimaita abin da ke cikinsu a taƙaice.

Na bar ɗakinmu ranar 30 ga Afrilu. Yanzu ina wani fatishan a Al Ras, wato falo ne aka yayyanka da katako aka yi ɗakuna biyar. Nawa ƙafa bakwai ne da biyar, dirhami 1,250, babu taga. Keji bai shiga ba. Gwamna ya yanke shi ya koma ƙafa biyar da biyu da rabi, ya ɗaga ƙafafun gadona, muka tura shi ƙarƙashi. Ciyaman ba ya iya miƙewa ya juya ba tare da jelarsa ta daki katako ba. Na ce wa mai kula da gidan wai littattafai ne a akwatin. Ƙarya na yi masa, kuma tana damuna.

Esi, wato na'urar sanyaya ɗaki, ɗaya ce ga dukan falon, maƙwabtana suna barinta a kan 18. Na sa ma'aunin zafi a cikin kejin. Inda ya kamata ya kai 40, ba ya wuce 29.

Tun farkon Yuli ya rage ci. Sai na ga yatsunsa suna rawa. Ranar 24 ga wata na sa masa ƙwai, ya taho yana jan ƙafafun baya a ƙasa, ya kama ƙwan da baki ya kasa fasa shi. Na kai shi asibitin dabbobi a cikin jakar tafiya. Likitar ta taɓa haɓarsa ta ce in taɓa. Anti, laushi gare ta kamar kunne. Ta ce ƙashinsa ne yake narkewa saboda rashin rana. Ta tambaye ni fitila, na ce tana kamawa. Ta ce wannan irin fitilar takan ci gaba da haske bayan ƙarfin da ke cikinta ya ƙare, ido ba ya gane bambancin. Na ce ai a Port Saeed na yi wata guda ina sa shi bakin taga. Ta ce gilashi yana tare wannan hasken.

Ba na ɗora miki laifin fitilar. Ni na karanta kwalin, na san abin da aka rubuta. Na bi maganarki ne saboda ta fi arha.

Ganin likita da hoton ƙashi sun ci 620. Ta ce magani zai ɗauki wata uku zuwa shida, allura duk mako, da babban keji, da zafi daidai. Na lissafa sau uku. Ko da zan daina aika wa gida komai, ba ya kaiwa. Ranar da na dawo da shi wata maƙwabciyata ta ga jela ta leƙo daga jaka, ta ƙwalla ihu. An ba ni zuwa ƙarshen Agusta, ko shi ya fita ko mu fita tare.

Shekaranjiya na je wurin Gwamna in roƙe shi kusurwa ɗaya a shagonsa. Ya share gumi ya ce, "Malama, nan da rana ƙarfe ma kuka yake. In kin bar shi nan, gasasshe za ki tarar." Na ce na ɗan lokaci ne, kafin Anti ta dawo. Sai ya ajiye zarto ya dube ni.

"Ta dawo ina?"

Na ce nan mana.

Ya ce, "Au, ba ta faɗa miki ba? Ai tun Fabrairu muka yi mata addu'ar sallama a coci. Shagon ya soke bizarta. Har lemo muka sha."

Anti, ban yarda da maganar mutum ɗaya ba, shi ya sa nake tambayarki. Gaskiya ne?

Ina jiran amsa.

Muhsinat


Kafanchan
10 ga Agusta

Muhsinat ƙanwata,

Sannu. Ban san ta inda zan fara ba. Wasiƙunki duka na gani, buɗe su ne na kasa yi sai jiya.

Gaskiya Gwamna ya faɗa miki. Sun sallame mu mu uku a watan Janairu. Ciwon Mama gaskiya ne, amma ba shi ya kawo ni gida ba. Na tambayi kuɗin tahowa da Ciyaman, da takardu da jirgi, ya fi kuɗin sallamata. Na bi mutum biyar ko wani zai karɓe shi, kowa ya ce ba shi da wuri. Ke kuwa na san halinki. Da na ce miki na tafi ke nan, za ki zauna da biro ki lissafa, ki ce ba za ki iya ba, kuma da gaskiyarki. Amma in na ce amana ce ta wata biyu, na san ko yunwa za ki kwana da ita ba za ki bar shi ba. Da wannan na yi amfani. Ban da wata hujja.

Na ɗauka zan sami wani aikin in dawo. Wani ejan ya karɓi kuɗina a Abuja, yanzu wayarsa ba ta shiga. Awara nake soyawa a bakin tasha.

Maganar fitila, na san ana canza ta. Sau nawa na faɗa wa masu saye da bakina. Ba na so ki ga tsadar ta yi yawa ne ki gaji da shi.

Ki yafe min saboda Allah. Abu ɗaya nake roƙo, kada ki sa shi a kasuwar intanet. Na san masu saye a can, yara ne masu son hoto, mako biyu su gaji. Zan tara abin da na samu in turo miki, ko naira dubu ashirin ce. Ki ƙara haƙuri da ɗana ko na wata ɗaya.

Yayarki mai kunya,
Louisa


Al Ras
29 ga Agusta, 2025

Anti Louisa,

Ina gaisuwa, a gaida Mama.

Kada ki turo kuɗin, ki riƙe jarinki.

Ban sa shi a kasuwa ba. Likitar ta san wata mata a bayan gari da ke karɓar irinsu, amma ta hannun asibitin, kuma da sharaɗin ba ziyara, ba tambaya. Na tambaye ta ko zai tashi. Ta ce ba za ta yi min alƙawari ba, ƙafafun baya dai da wuya su dawo.

Jiya da ƙarfe goma na kai shi. Bai yi motsi ba da suka ɗauke shi. Sun ba ni takardar miƙawa, akwai gurbin da aka ce a rubuta sunan mai dabbar. Na daɗe riƙe da biro. Na rubuta nawa.

Na yafe miki. Amma ki ɗan dakata da rubuto min tukuna.

Allah ya ba Mama lafiya.

Muhsinat